Bakano da Awon Teku

Kano zuwa Inugu

Ƙarfe huɗu da rabi motarmu ta tashi, sallar asuba ma a Kwanar Ɗangora muka yi ta. Ina rungume da akwatin na'urar auna tsayin ruwa. Tauraron ɗan Adam yana auna teku daga sama, amma in ya matso gaɓa, ƙasa da itatuwa suna rikita masa awo. Aikina in kafa na'urar a bakin ruwa a Fatakwal, mu gwada awonta da nasa mu gyara masa kuskure. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu na yamma tauraron zai gifta ta saman Fatakwal, in na rasa shi sai bayan kwana goma. Ni na cika baki a ofis na ce a tura ni, alhali ban taɓa ganin ruwan da ya fi Tiga ba.

Bayan Makurɗi ɗan sanda ya ƙwanƙwasa akwatin. "Wetin dey inside?" Na ce abin auna teku ne. Ya ce teku tana nan yadda take tun zamanin kakansa, in wuce. Da magariba muka isa Abakpa Nike, na sauka gidan Alhaji Isiyaku, abokin mahaifina, aka cika ni da tuwo da miyar ogbono.

Anacha

Talata da hantsi na shiga Kasuwar Relief neman motar albasa mai zuwa Fatakwal, don Alhaji ya haɗa ni da mai kayan, Hajiya Ladi. Shekara talatin tana kudu, tana ciniki da Inyamuranci kamar a nan aka yanke mata cibiya. Ta dubi akwatina ta ce, "Ɗana, ka iya ruwa kuwa?" Na ce ilimi na iya, Hajiya.

Fatakwal

Laraba okada ya ɗauke ni daga Rumuokoro zuwa bakin ruwa. Na zaɓi gadar katako mafi kyau, inda kwale-kwale ke lodi, na ɗaure na'urar tamau. Awa shida lambar awon da na'urar ke nunawa ba ta motsa ba, na ji daɗi ƙwarai, na ce teku ta san gwani.

Alhamis da azahar Hajiya ta zo sallamar buhunanta. Na nuna mata lambar ina taƙama.

"Tun jiya ruwan bai ƙaru ba?" in ji ta.

"Ko kaɗan."

"To leƙa ƙarƙashin ƙafarka. A kan durom-durom gadar take, tana yawo a saman ruwa. In ruwa ya cika gadar ta hau, in ya janye ta sauka, kai da na'urarka duka. Me za ka auna?"

Kunya ta kama ni. Saura awa biyu. Ta nuna mini wani ginshiƙin kankare, ta ce da safe ruwa yana kai masa wuya, da rana gwiwa. Masu lodinta biyu suka kama mini, muka kwance muka sake ɗaurewa. Huɗu saura kwata lamba ta fara hawa a hankali.

Gida

Asabar bayan la'asar na iso Kano lafiya, alhamdu lillahi. Litinin ogana ya duba awon, ya ce sai yanzu za a iya gyara na tauraron. Ya ce wanda aka tura bara wata uku ya ɓata a kan gada mai yawo, ni ya aka yi na gane? Bakina ya so ya ce ilimi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai albasa ce ta gaya mini." Allah ya saka wa Hajiya Ladi da alheri.