Asabar ɗin da Na Zauna Shan Fura a Shinkafi

Shekarun baya can, lokacin da mutum zai ɗauki hanyar Kaura zuwa Shinkafi ba ya tsoron komai sai ramuka da awakin da ke tsallaka titi, ni direba ne. Wata tsohuwar fijo nake ja, yau Shinkafi, gobe Zurmi, duk inda lodi ya faɗa. Shekaranjiya wani daga cikinku ya yi tambaya a nan, wai me ya raba Yahudawa da Kiristoci a kan Almasihu alhali rabin littafinsu ɗaya ne. Ni ba malami ba ne, firamare ma da ƙyar na ƙarasa ta. Amma a zauren gidanmu na ji amsar wannan tambaya da kunnena, daga bakin uba da ɗansa.

Gidanmu a Kaura yana kusa da tashar jirgin ƙasa. Maƙwabcinmu wani dattijo ne Ibo, Kirista, wanda aikin jirgi ya kawo tun yana saurayi. Jirgi ya daina zuwa, shi kuma ya ƙi tafiya. In yana faɗa ta bayan katanga sai ka rantse Bazamfare ne, don Hausarsa ta fi tawa. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a kudu, saura ɗansa namiji guda ɗaya, wato abokina. Tare muka tashi, tare muka sha duka a kan satar gyaɗa. Duk Kirsimeti dattijon kan jawo akuya har ƙofar gidanmu mahaifina ya yanka, don kowa a unguwa ya iya ci. Da layya kuma cinya guda tasu ce, ba a ma tambaya.

Abokina ya tafi garinsu koyon kasuwanci, ya yi wajen shekara shida. Da ya dawo sai na gan shi da wata 'yar hula a tsakar kai, ba ta fi marfin kofi ba. Na ce, "Kai kuma tela ne ya cinye maka yadi?" Ya ce ba wasa ba ne, shi yanzu addinin Yahudawa yake bi, akwai jama'a a can da suke yinsa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ɗauka irin abin nan ne na samari, wata biyu ya wuce.

Bai wuce ba. Kirsimeti ta zo, aka yanka akuya, abokina ya ƙi zuwa coci, ya ƙi zama wurin cin abinci. Mahaifinsa ya tambaye shi dalili a gaban baƙi, shi kuma maimakon ya ce kansa ke ciwo, sai ya ce, "Baba, wanda kuke wa bikin haihuwa ba shi ne wanda aka yi alkawari ba. Almasihu bai zo ba tukuna." Muna cikin gidanmu muka ji ƙarar kwano a ƙasa. Dattijo ya ce in dai haka ne, gidan ba zai ɗauke su su biyu ba. Kafin sabuwar shekara abokina ya kwashe kayansa ya koma Shinkafi, ya buɗe shagon kayan babur.

Wata ya bi wata ba sa magana. Ciwon suga ya fara cin idon dattijon, jikinsa ya zube. Kullum na dawo daga Shinkafi sai in tarar da shi a kan benci a ƙofar gida. Ya ce, "Direba, hanya lafiya?" In ce lafiya lau, Baba. Ba zai tambayi ɗansa ba ko da wasa, amma ba zai sake ni ba sai na ce, "Na gan shi, yana nan ƙalau." Sai ya yi tsaki ya ce wa ya tambaye ni. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai, don kowa na gani tsohon nan ƙarewa yake yi.

Mahaifina ya ce wannan ba zai yiwu ba, maƙwabcinsa na shekara talatin ya mutu da fushin ɗansa yana kallo. Ya aika aka kira su duka biyu. A wurinmu in babban maƙwabci ya shimfiɗa tabarma ya kira ka, ko kana jin haushi sai ka zo. Suka zo wata Lahadi bayan la'asar, kowa da littafinsa a hammata. Mahaifina ya ce shi ba muhawara ya kira ba, sulhu ya kira. Ina! Kafin ya rufe baki an buɗe littattafai.

Abokina ne ya fara. Ya ce, "Annabawa sun faɗi alamunsa ƙarara. Sarki ne daga zuriyar Annabi Dawuda, mutum kamar kowa. In ya zo zai tattaro Bani Isra'ila daga duk inda suka warwatsu, a sake gina ɗakin ibada a Ƙudus, yaƙi ya ƙare a duniya har maƙera su rasa mai sayen takobi. Baba, kunna rediyonka. Yaƙi ya ƙare?"

Dattijo ya ce, "Wanga yaro! Kai sarki mai dakaru kake jira. Yaƙin da ya zo kashewa ga shi nan." Ya bugi ƙirjinsa. "Zunubi. Ya ɗauki laifinmu, ya mutu dominsa, ya tashi. Abin da kake lissafawa duk zai yi shi in ya dawo."

"Ina aka rubuta zai zo sau biyu?"

Dattijon ya laluba shafi, ya kai shi dab da idonsa, ya nuna wurin da aka yi maganar wani bawan Allah da zai sha wahala saboda laifin wasu. Ya ce in ba Yesu ba ne, wa ye? Abokina ya buɗe nasa littafin, wuri ɗaya, magana ɗaya, ya ce ai wannan bawan al'ummar Isra'ila ce kanta, ita ce ta sha wahalar duniya. Ya ƙara da cewa Allah ɗaya ne, ba ya zama mutum. Uban ya ce shi ma bai taɓa cewa biyu ne ba, amma wanda ya halicci mutum me zai hana shi zuwa cikin mutane? Ni ina gefe ina kallon yatsunsu biyu a kan layi ɗaya, kowa yana ganin abin da ɗayan ba ya gani.

A nan ne shegen kaina ya ce min ga dama ta samu. Na gyara murya na ce, "Ai Baba, abin da sauƙi. Mu a wurinmu Annabi Isa shi ne Almasihu, ya zo, kuma zai dawo, to nan kai ke da gaskiya. Amma annabi ne, ba ɗan Allah ba, to nan kuma shi ke da gaskiya. Ku raba biyu kowa ya ɗauki nasa, shi ke nan."

Jama'a, su biyun suka juyo a tare suka ce, "Kai, rufe mana baki!" Wannan ne abu na farko da suka haɗu a kai cikin wata bakwai. Mahaifina ya kalle ni ya ce, "Malam, tashi ka kawo wa baƙi ruwa." Tun daga ranar in yana son ya tsokane ni, Malam yake kirana. Sulhu dai bai yiwu ba. Abokina ya durƙusa ya yi wa mahaifinsa sallama, dattijo ya kawar da kai.

Sai wata Asabar cikin damina, da sassafe, tsohon ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa ya shanye. Muka kai shi asibiti a motata. Likita ya duba shi ya ce a kira nasa na kusa. Mahaifina ya ce min, "Ɗauki mota yanzu ka zo da yaron nan." Ba a samunsa a waya, don na san halinsa: daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar ba ya buɗe shago, ba ya hura wuta, ba ya taɓa waya, ba ya shiga mota. Na taɓa tsayawa in rage masa hanya wata Asabar ana rana kamar wuta, ya ce na gode, ya ci gaba da tafiya a ƙasa.

A hanya na fara tunani, kuma ni duk ranar da na yi dogon tunani sai an samu ɓarna. Na ce in na faɗa masa yanzu, na sa shi tsakanin ubansa da addininsa. In ya ƙi shiga mota, zai mutu da baƙin ciki. In ya shiga, na sa shi ya karya abin da ya bar gidansu dominsa. To mafita ita ce in yi shiru, in zauna da shi muna hira har rana ta faɗi, sannan in faɗa masa mu kama hanya. Wallahi har yaba wa kaina na yi a kan wannan dabara.

Na isa Shinkafi da hantsi, na same shi zaune a ƙofar ɗakinsa yana karatu. Ya yi murna da ganina. Na sayi fura wurin wata Bafillatana, na dama, na zauna ina sha muna labarin duniya. Na yi masa zancen tsadar taya, na yi masa zancen gero a Zurmi. Ina ta satar kallon rana, ita kuma kamar an ɗaure ta. Aka kira azahar, na je na yi salla na dawo na ci gaba da surutu. Awa uku cur.

Can sai ya rufe littafin ya zuba min ido. Ya ce, "Tsaya. Kai da ba ka barin lodi ko ranar sunan ɗanka, yau ka zo Shinkafi da mota wayam don ka sha fura? Mi ya faru?"

Na fara kame-kame. Ya ce, "Baba ne?" Na sunkuyar da kai na ce yana asibiti tun safe, ina jira ne rana ta faɗi saboda Asabar ɗinka.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya miƙe ya ce, "Amma kai wawa ne! Wa ya gaya maka? A wurinmu in rai na cikin haɗari babu Asabar! Rai ne gaba! Mi ya hana ka tambaye ni?" Ko ƙofar ɗaki bai rufe ba, ya riga ni shiga mota. Na taka fijon nan har tana kuka. Daga Shinkafi har Kaura ba abin da nake yi sai roƙon Allah a zuciyata kada tsohon nan ya cika kafin mu isa.

Mun same shi da rai. Mahaifina na zaune a bakin gado. Abokina ya durƙusa ya kama hannun da ke motsi. Dattijo ba ya gani sosai, bakinsa ya karkace, ya ce, "Wa ye?"

"Ni ne, Baba."

Tsohon ya juyo da kai wajen muryar. Can ya ce, "Yau ba Asabar ba ce?"

"Asabar ce."

"Da mi ka zo?"

"Da mota, Baba."

Sai hawaye suka gangaro wa tsohon. Ya ɗaga hannu yana laluben kan ɗansa har ya taɓa 'yar hular nan. Na ce a raina shi ke nan, zai fizge ta. Ashe ta karkace ne garin gudu, ya gyara masa ita ta zauna daidai. Mahaifina ya ja ni muka fita waje, can ya tambaye ni abin da ya tsayar da ni. Da na faɗa masa bai ma zage ni ba, kallona kawai ya yi, kuma da zagin ya yi da ya fi min sauƙi.

Dattijon ya ƙara wata biyu a duniya. Abokina ya rufe shago ya dawo gida, shi ke yi masa wanka, shi ke ba shi koko a baki. Kullum da hantsi in zan fita sai in ji muryarsa ta bayan katanga yana karanta wa uban littafin Kiristoci, kuma ɓangaren labarin Yesu, wanda shi bai yarda da shi ba. Wata rana na tare shi na ce, "To, ko ka koma ne?" Ya ce ko kusa. Na ce to yaya kake karanta abin da ka ce ba haka ba ne? Ya ce, "Idonsa ya mutu, nawa na gani. Wa zai karanta masa, kai da ka ƙare firamare da ƙyar?"

Da dattijon ya rasu, abokina ya kai shi garinsu aka binne shi yadda Kiristoci ke yi, kamar yadda ya bar wasiyya. Bai sake dawowa Kaura da zama ba. Mukan yi waya jefi-jefi, ban da ranar Asabar.

To mai tambaya, iyakar abin da na fahimta ke nan. Bayahude yana duba duniya, ya ga ba ta gyaru ba, ya ce ashe bai zo ba. Kirista yana duba zuciya, ya ce ya zo ya fara daga nan, zai dawo ya ƙarasa. Ni ina nan a kan abin da aka koya min a makarantar allo, kuma na daina raba wa mutane addininsu biyu. Ina kewar zamanin nan sosai, zauren, bencin, da hanyar da yanzu ba kowa ke iya binta ba.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai awa ukun nan ne. Na zauna na yanke wa mutum hukunci da addinin da ban sani ba, alhali yana gabana, bakinsa da nawa taku ɗaya. Da tsohon nan ya cika ina can ina shan fura, da ba addini ne ya raba uba da ɗansa ba. Da ni ne.