Kakar da aka kawo wa ƙungiyarmu likita

Ni karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ba, domin malaminmu ya gaji da ni kafin in gaji da shi. Duk da haka na daɗe a kwamitin ƙungiyarmu ta dillalan wake a nan Potiskum. Akwai shugaba, akwai ma'aji, akwai sakatare, sannan akwai ni. Muƙami ba ni da shi, sai kujera kusa da taga.

Wata kaka abubuwa suka rikice. Matasan dillalai suna ta ficewa, motocin kudu suna kwana a bakin kasuwa ba lodi. Sai ɗan shugaba da ke aiki a Damaturu ya ce a ɗauko kwansaltan. Ya yi mana bayani wai likitar ƙungiya ce, tana duba inda tsari ya ruɓe ta ce a yanke. Da na ji "yanke" sai na bi 'yan kwamiti da kallo ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda ya yi kama da abin yankewa ba kamar mutumin da ba shi da muƙami.

Ta iso a Keke Napep, sa'ar 'yata ta biyu. Na zaci za ta fara da wa'azi, sai ta ce ita yanzu ba ta da shawara ko ɗaya. Ta zauna da shugaba suka tsayar da abin da aka kira ta dominsa: me ke korar yaran. Daga nan ta shiga kallo. Ta tsaya wurin awo, ta tsaya wurin ɗinkin buhu, ta bi lebura har gindin mota. Sannan ta riƙa kiran mutane ɗai-ɗai ƙarƙashin darbejiya, ta ce abin da aka faɗa mata ba za ta kai shi da sunan kowa ba.

Da layi ya zo kaina ta ce, "Baba, mene ne aikinka a kwamiti?"

Na ce, "Zama."

"Bayan zaman fa?"

"Tashi, 'yata."

Ta yi murmushi, amma ba irin wanda ke kwantar wa mutum da hankali ba.

Sai ranar taro. To, shugabanmu Bafulatani ne, ni Babarbare, kun san wasan da ke tsakaninmu tun kakanni. Ya ce lodi zai ci gaba yadda aka saba, kayan dattawa a fara, na yara su jira. Kowa ya ce, "Daidai ne, ranka ya daɗe," har waɗanda na ji suna tsine wa tsarin a wurin mai shayi. Ni kuwa bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kai Bafulatani, ka saba da garke, manya a gaba, maruƙa a baya suna shan ƙura. Waɗannan ba maruƙa ba ne, suna da mata da 'ya'ya."

Ya ce, "Ku ji bawana! Babarbare, zanen fuskarka ya fi hankalinka yawa."

Aka fashe da dariya. Kafin a tashi ya ɗan sassauta, ya ce ranar kasuwa a riƙa sa motar yara ɗaya a tsakiya. Ita fa likitar tamu, da ke zaune a gefe, ba ta yi dariya ba. Kallona kawai take yi.

Daga ranar nan zama ya gagare ni. In taso daga unguwarmu Bolewa in je kasuwa, in tarar ba abin da ya kawo ni, in koma. Uwargida ta ce, "Malam, ko ƙaya aka shimfiɗa maka a tabarmar nan?" Na bi sakatare ina tambayar me ya faɗa a kaina, ya ce sirri ne, shi da ko ranar sunan jikarsa ba ya iya ɓoyewa. Na sayi kilishi na kai wa yarinyar, ta yi godiya ta raba wa leburori a gabana. Na riƙa tunanin safiya ba kwamiti, ni da akuyoyin gida muna kallon juna.

Ranar da za ta faɗi abin da ta gano na sa babbar riga, in ma kora ce a kore ni da kwarjini. Ta ce ta saurari kowa, kuma kusan kowa ya san ciwon, amma gaskiya ta ƙofa ɗaya take isa wurin shugaba, ƙofar wasa. Duk ranar da Baba ya kwanta zazzaɓi, ƙungiya ta kurmance. Ta ba da shawara lodi ya bi wanda ya riga zuwa, a ba matasa kujeru, kuma a taro ƙananan su fara magana, shugaba ya zama na ƙarshe. Aka ja, aka yi ta musu, ta bar mu muka gyara da kanmu har muka yarda.

Na ce, "Ni fa?"

Ta ce, "Kujerarka tana nan, Baba. Amma har kaka ta wuce, ka yi shiru a taro. Muddin kana faɗa musu, ba za su koyi faɗa ba."

Shiru! Da ta sani da ta yanke ni kawai.

A taron farko bayan haka wani matashi ɗan garin Danchuwa ya miƙe ya ce wa shugaba sikelin ƙungiya yana cutar manoma, kuma an daɗe da sani. Shugaba ya juyo yana kallona, yana jiran in jefo abin da zai mai da zancen dariya. Zagi mai kyau ya zo mini har bakin haƙori. Na danne shi da carbi. Shirun ya yi tsawo har na ji kukan injin niƙa daga tsallaken titi.

Can shugaba ya gyara zama ya ce, "Ci gaba, ɗana. Tun yaushe?"

Da aka tashi na tare shi a bakin ƙofa, tunda nan ba taro ba ne, na faɗa masa ra'ayina game da hularsa, da tafiyarsa, da kakansa. Sai da na raka shi har gida ban gama ba.