Cokali Shida na Maganin Gwaggo

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka saka sunana cikin ɗaliban da za su je horo na wata shida a wata tashar nukiliya mai samar da wutar lantarki, a wata ƙasa maƙwabciya. Na dawo gidanmu a unguwar Jurf, a Madina, ina jiran kira. Sharaɗi ɗaya ya rage, gwajin ƙwaya da barasa. Ba a barin kowa ya shiga irin wannan tasha sai ya busa a na'ura ya kuma ba da fitsari, kuma ko bayan ya shiga ana iya kiransa kowace rana ba tare da sanarwa ba. Na karanta littafin ƙa'idojin sau uku, ina jan layi da fensir. Ban damu ba. Ni da ko sigari ban taɓa kai wa bakina ba.

A makon ne Gwaggo ta sauka a gidanmu. Kakanmu ya zo aikin hajji ya zauna a Madina, ƙanensa kuma ya koma Kano, ita ce 'yar wannan ƙanen. Ta zo umra, za ta yi kwana takwas da mu kafin ta wuce Makka. Ta tarar da ni da wani busasshen tari na sanyin na'urar sanyaya ɗaki.

"Wannan tarin naka kamar tsohon injin niƙa," in ji ta. "Duk karatun nan ba a koya maka maganinsa ba? Zo nan."

Ta fito da wata gorar ruwa da ta cika da wani abu mai kauri, mai ƙamshin zuma da citta. A gidanmu ba a mayar da abin da babba ya miƙo, ba a kuma tambayar me ke ciki. Na buɗe baki. Cokali ɗaya da safe, ɗaya da yamma, har kwana uku. Tarin ya tsaya. Amma sau biyu barci ya ɗauke ni a kan littafi da hantsi, abin da ban taɓa yi ba.

A yini na uku da la'asar, bayan cokali na shida, saƙo ya shigo wayata: gobe da safe in je wani asibiti a unguwar Bani Harisa don gwajin. Na zauna ina kallon gorar. Sai da na yi ta juya maganar a bakina kafin na iya tambayarta.

"Gwaggo, me da me kika haɗa?"

"Zuma, citta, kanumfari, lemon tsami. Sai ɗan na kemis don ya yi ƙarfi."

"Kwalbar na kemis ɗin tana nan?"

Ta zaro ta daga cikin ƙullin zannuwanta. Takardar jikinta ta goge rabi, amma abin da nake nema bai goge ba. Akwai kodin a ciki, sinadarin nan mai sa maye, kuma kodin yana cikin jerin da na ja wa layi. Na ce mata zan ajiye kwalbar, ta ce in riƙe har abada, ai ta kusa ƙarewa. Ban gaya mata komai ba.

Bayan magariba na sami Baba da Yaya a falo na nuna musu. Yaya ya girme ni da shekara bakwai, yana jin Hausa sarai amma rabin amsarsa da Larabci take fita.

"Basiɗa," ya ce, wato abu mai sauƙi. "Ka buga musu ka ce ba ka da lafiya. Kwana huɗu ya fita daga jikinka, halas, shi ke nan."

Na ce wanda bai je ba, ƙa'ida ta ɗauke shi kamar wanda ya ƙi gwajin, kuma ƙin gwaji daidai yake da faɗuwa.

"To ka sha ruwa jarka guda."

Na ce suna auna wannan ma.

"Ya Ustaz, kai ka rubuta littafin nan ne? To ka je, ka yi shiru. Wataƙila ba zai fito ba. In ya fito ka ce ba ka san daga ina ba. Ina da mutum da ya san mutum."

Baba ya jira Yaya ya gama. Sannan ya ce, a hankali, "Akwai wurin da ake rubuta maganin da mutum ya sha?"

"Akwai, Baba. Layi na tara."

"Ka bar shi fari. Baƙuwarmu ce, ibada ta kawo ta. Ba za a ce a gidana aka saka ta a takarda ba."

Tun ina yaro ni ne wanda ake aika ya tafi ba musu. A makaranta ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Ban ɗaga kai ba a wannan yammacin ma, idona yana kan zanen darduma, amma na ji bakina yana cewa, "Baba, ka yi haƙuri. Ba zan rubuta sunan kowa ba. Amma abin da na sha, zan rubuta."

Yaya ya yi dariya. Baba bai yi ba.

"Ni nake maka magana."

"Na ji, Baba. Zan rubuta."

Har yau wasu a dangi suna cewa taurin kai ne na ɗan littafi. Su faɗa. Aikin da nake nema aiki ne na zama a gaban allon na'urori ana rubuta abin da aka gani, ko da abin da aka gani ba zai yi wa kowa daɗi ba. Ban ga yadda zan shiga wannan ƙofa da layi fari a takardata ta farko ba. Kuma na sha maganin. Cokali shida ne, na ƙirga.

Da safe na tafi ni kaɗai da kwalbar a leda. Na busa a na'ura, ba ta nuna komai ba. Aka sa na zazzage aljihuna, aka kai ni bayan gida da aka rufe famfonsa, ruwan masan kuma an rina shi shuɗi don kada wani ya tsarma abin da ya bayar. Ma'aikacin ya raba fitsarin a kwalabe biyu a gabana, ya liƙe su da takarda mai lamba. Na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin na sa hannu, har ya gaji ya ce ko zan auri kwalbar ne. A layi na tara na rubuta sunan maganin, da kwanakin, da cokali shida.

Bayan kwana uku likitan da ke duba sakamako ya kira ni. Dattijo ne mai furfura a gemu. Ya juya kwalbar Gwaggo a hannunsa.

"Kana da takardar likita?"

"Babu."

"Wa ya ba ka?"

"Wani babba a gidanmu."

"Sunansa?"

"Fom ɗin bai tambayi suna ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. Daga ƙarshe ya ce ba tare da takardar likita ba babu yadda zai yi, dole a cire ni daga rukunin bana. Zai rubuta cewa ni na bayyana da kaina kafin a auna, kuma zan iya sake nema baɗi da sabon gwaji. Aka ba wani ɗalibi gurbina.

A gida Baba ya hana a gaya wa Gwaggo. Wannan ma ban yarda ba, domin tana da jikoki, kuma gorar nan ba ni kaɗai za ta ɗura wa ba. Sai dai na san bakinta, na kuma san nawa. Don haka na jira ranar tafiyarta. Muka raka ta Bi'ir Ali, inda masu zuwa Makka suke ɗaukar harami. Na bari ta shiga masallaci ta yi salla, ta yi niyya, ta fito tana talbiya a hankali. Wanda ke cikin harami ba ya jayayya. A gefen motarsu, cikin hayaƙin manyan motoci da maza masu fararen mayafai, na gaya mata duka, idona a ƙasa.

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa, ta sake rufewa.

"Lallai ɗan nan ka iya zaɓen lokaci," ta ce. "Ka gode wa haramin nan. Ni na ba ka ƙwaya?"

"Ba da sani ba, Gwaggo. Amma kar ki sake ba yara."

"Sunana ka rubuta musu?"

"A'a."

Direba yana kiran mutane. Ta laluba jakarta ta ciro wani ƙaramin ƙulli ta danƙa mini a hannu, kamar yadda manya suke yi wajen sallama. Na riƙe shi, na ce, "Gwaggo, me ke ciki?"

Yaya ya kama baki. Ita kuwa kafaɗunta suka fara rawa da dariyar da take ƙoƙarin dannewa.

"Aya ce, Malam. Soyayyiyar aya. In kana so ka kai musu su auna."

Baba ya yi makonni ba ya ce mini komai ban da amsa gaisuwa. Yaya kuwa har yanzu Cokali Shida yake kirana, ko a gaban 'ya'yansa. Shekarar da na rasa na yi ta a ɗakina da littattafai, kuma ba zan ce ba ta yi mini ciwo ba, musamman in abokaina sun turo hotunansu da hular kwano.

Da shekara ta zagayo na sake nema. A sabon fom ɗin akwai tambayar ko an taɓa samun wani abu a gwajin mai nema. Yaya yana tsaye a kaina ya ce wa zai tuna. Na rubuta "E", na ƙara bayani a ƙasa, har da cokulan. Aka ɗauke ni. A wata shidan da na yi a tashar sau biyu sunana ya fito ba zato, kuma duka biyun na bi lambobin kwalaben ɗaya bayan ɗaya kafin na sa hannu.