Jana'izar Da Ta Yi Gudu

Shekara goma sha biyu Firmin Chazal ya yi yana niƙa gahawa a kantin tsoho Pélissier, magajin garinmu da ke kusa da Lyon. Da majigi ya fito, kowa na rububin ganin hoto mai motsi a jikin farin ƙyalle, sai tsohon ya sayo akwatin ɗaukar hoto daga birni ya danƙa masa, wai hannun da ya iya niƙa ba zai kasa murɗa mariƙi ba.

Aikin ke nan kuwa: murɗa mariƙi sau biyu duk daƙiƙa, ba gaggawa ba nawa. Masu sana'ar kan rera waƙar sojoji a zuci don kada hannu ya kauce. Firmin ya ƙware, kai kuma ya kumbura. Ko aski ya zo shagona sai ya sanar da ni cewa agogon coci kan yi kuskure, hannunsa kuwa bai taɓa yi ba.

A 1904 Pélissier ya rasu. Ni dai ba na ɓoyewa, mutum ne mai rowa da baƙar magana, ba wanda ya yi asarar hawaye. Amma majalisar gari ta ce a ɗauki hoton jana'izar a nuna, don a ga yadda muke girmama manyanmu. Muka sa baƙaƙen kaya, muka ja ƙafa a bayan keken gawa, kowa na tunanin gasasshen naman da ke jira. Firmin ya rantse zai yi wa maigidansa hoton da jikoki za su kalla su sunkuyar da kai.

Ranar nuni zauren ya cika. Haske na faɗawa kan ƙyalle sai ga dawakan gawa a sukwane, limamin coci na tsalle kamar ɗan akuya, mu kuma muna rige-rigen zuwa maƙabarta. Aka danne dariya har ta ƙwace. Ashe waƙar makoki Firmin ya rera a ransa ranar, hannu ya yi sanyi, kuma abin da aka ɗauka a hankali da gudu yake fitowa.

'Yan majalisa suka ce ya ci mutuncin mamaci, ya ci amanar wanda ya ɗaga shi. Ni ma na tofa nawa, har yau ina jin kunyar haka. Firmin yana tsaye jikin akwatinsa.

Sai matar marigayin, Honorine, ta miƙe da sandarta.

"Ku ƙyale shi, munafukai. Ni ma sauri nake yi a raina. Duk garin nan hannu ɗaya ne ya yi makokin mijina, ga shi kuna gani."

Washegari Firmin ya koma niƙa gahawa. Gahawar ta daɗe tana fitowa da tsaki-tsaki, don hannun bai gama makoki ba.