Ɗakin Jamilatu

Kowace Juma'a Inno takan buɗe tagar ƙaramin ɗakin da ke bayan gidanta a unguwar Handsworth, nan ƙasar Turawa, ta kaɗe zanin gado, ta sa turaren wuta, ta ja ƙofa. Ba mai kwana a ciki. Ni maƙwabcinta ne, ta katanga nake jin ƙamshin.

Allah bai ba su haihuwa ba, ita da mijinta Falalu. Bayan rasuwarsa, ƙanenta Sunusi, likita a Manchester, ya ce ya ba ta riƙon 'yarsa Jamilatu, kamar yadda ake yi a gida. Aka yi addu'a, aka ci tuwo. Amma a nan ba a ɗaukar yaro haka kawai. Ga makaranta, ga uwar yarinyar da ba ta nuna amincewa ba. Sai aka tsaya a kan yarinyar ta riƙa zuwa lokacin hutu. Jamilatu takan zo da 'yar jakarta, tana kiran Inno Anti da Turancin unguwarsu ta Rusholme. Inno kuwa a masallaci 'yata take cewa.

A shekarar da aka fara rage tallafin haya na gwamnati ga masu ɗakin da ba kowa a ciki, ma'aikaciyar kansil, wato ƙaramar hukuma, ta zo. Mai kirki ce, har takalmi ta cire. Ta tambayi wa ke kwana a ɗakin. Inno ta ce 'yarta. Da aka bi bayani, ya fito cewa yarinyar a Manchester take zaune.

"An ba ni ita," in ji Inno. "A gaban mutane."

Ma'aikaciyar ta dubi gadon, ta sunkuyar da kai.

Aka rage tallafin, amma Inno ta ƙi sakin ɗakin. Ta daina kunna na'urar ɗumama gida sai ranar da yarinyar za ta zo. Na ce ta sanar da Sunusi.

"Malam, ya ba ni 'ya, kuma in ce ya biya mini ɗakinta?"

Jamilatu ta girma, hutu ya zama na ƙawaye. Haya ta fi ƙarfin Inno, aka mayar da ita gida mai ɗaki ɗaya, can saman bene. A hunturu na biyu ta rasu.

Da muke kwashe kayanta muka tarar da labule ruwan hoda, an yanka shi daidai tagar tsohon ɗakin. Gefe ɗaya an kalmashe shi. Ɗaya gefen, allurar na soke a ciki da zarenta.