Sai-an-duba da Mugun Talabijin

Gardamar da Sai-an-duba ya sha ƙasa a cikinta, matarsa ce ta kayar da shi, kuma da hannu ɗaya, don ɗayan yana riƙe da buta. Ana cikin kallon shirin jarumin nan mai tashi sama, ga mugu kwance wanwar, jarumi ya ɗaga hannu. Ta ce, "Kashe shi!"

Mutumin naku ya miƙe ya shiga wa'azi: rai ba abin wasa ba ne, kowa na iya tuba. Ta bar shi sai da ya yi kumfar baki.

"Talabijin nake nufi, malam, salla zan yi. Amma tunda ka tono, ɓeran da ka rafka wa takalmi ɗazu, ka ba shi lokacin tuba?"



Gyaran fanka da rediyo yake yi, a wani ɗan shago kamar kwalin ashana. Ko abu ya ƙone ƙurmus ka kawo masa, ba zai ce ya mutu ba. Sai ya karkata kai ya ce, "Sai an duba." Sunan ya bi shi har matarsa ta manta na yanka.

Da rana tsaka, idan fankokin da ya gyara suka ɗauki juyi gaba ɗaya, gyangyaɗi kan ɗebe shi. Sai ya ga kansa can sama, tumbi da komai, labulen shago ya zame masa mayafi, rufin gidaje na wucewa a hankali kamar jiragen ruwa. Yakan cim ma mugun a kan wani gajimare, ya zaunar da shi, ya kwance masa ƙirji da sukudireba. Kullum 'yar waya ɗaya ce ta ƙone a ciki. Kafin ya haɗa ta, wani ya buga masa tebur.

Mai aski da direban bas kan zo kallon talabijin a shagon. Su dai a kashe mugu kowa ya huta. Shi kaɗai ne lauyan shaiɗan, kuma ni na san dalili. Ƙanensa, Auta, shaye-shaye da faɗa suka kai shi gidan yari, ga shi an kusa sakinsa. Mukullin ɗakinsa na gidan iyayensu yana hannun babbar yayarsu, wadda ta goya shi yana jariri, ita kuwa ta rantse ba zai sake taka gidan ba.

Ran nan Yaya ta kawo fankarta, ta tarar ana kallo. Jarumi ya sake sakin mugu. Ta ja tsaki har mai aski ya zabura.

"Ka ji ragon banza! Ya sake shi gobe ya dawo ya ƙona gari? Mai hali ba ya fasa halinsa. Kai ma haka kake, ƙanena, zuciya kamar audugar katifa."

Sai-an-duba yana kallon fanka tana juyawa, kamar bai gama saukowa daga gajimaren ba. Amsar da ya ba ta ita ta sa Yaya ta kwance bakin zane, ta dangwarar da mukullin a kan tebur, ta fice ba sallama.

Cewa ya yi, "Yaya, don ba ke kika goya mugun ba ne. Da goyonki ne, wallahi da tuni kin shiga talabijin ɗin nan kin riƙe wa jarumin mayafi."