Littafin Tarihi Mai Faɗin Gefe

Duk wanda ya san Verlene Stidham a Tolliver Gap, can cikin duwatsun Amurka, ya san ba ta sayen kankana sai an yanka mata ta ga cikinta. Haka take da komai, haka kuma ta yi da littafin tarihi a shekarar da 'yarta Twila ta cika sha biyar.

Shekara uku ke nan tana koyar da yarinyar a gida. Tun da aka rufe makarantar kwarinsu aka haɗe ta da ta cikin gari, motar makaranta kan kwashi yara da sassafe, ta yi awa ɗaya da rabi tana zagaye duwatsu, ba ta dawo da su sai rana ta faɗi, sun yi laushi tuɓus. Verlene ta ce 'yarta ba za ta ƙare ƙuruciyarta a kujerar mota ba. Teburin cin abinci ya zama aji. Lissafi da kimiyya ba su ba ta tsoro ba, tunda amsoshinsu na bayan littafi. Amma bana tarihin zamani da tarihin Amurka ne a gabansu, kuma a nan gizo ke saƙar. Lokacin da Verlene take 'yar sha shida, malamar tarihinsu, Malama Ardith Pauley, ta miƙo mata takardar jarrabawa a gaban aji, ta ce wasu kawunan ba a yi su don riƙe shekarun tarihi ba. Verlene ba ta ƙarasa wannan zangon ba. Ta yi aure, ta haihu, ta yi shekara goma sha biyu tana soya ƙwai a gidan abincin direbobi, amma maganar nan tana zaune a ƙirjinta ko gezau.

A jiharsu, mai koyar da ɗansa a gida yakan kira malami mai takardar shaida a ƙarshen shekara ya duba aikin yaro ya sa hannu. Malamar da ta saba duba musu ta ƙaura, kuma wadda ta yarda ta hauro kwarinsu bana ita ce Malama Pauley, wadda ta yi ritaya. Mijin Verlene, Royce, direban babbar mota ne, mutum mai sauƙin kai, amma ya gindaya sharaɗi ɗaya: in ba a sa hannu bana ba, Twila ta koma motar makaranta. Verlene ta ce ta ji.

A watan Agusta iyaye mata masu koyarwa a gida kan baje tsofaffin littattafansu a zauren coci, a yi saye da musaya. A wurinsu kowane darasi yana da littafi guda da suke kira ƙashin baya, sauran ƙananan littattafai a jikinsa ake rataya su. Kan ƙashin bayan tarihi kuwa matan nan sun rabu gida biyu, har akwai waɗanda suka daina musayar girki saboda shi. Wasu na bayan wani shuɗin littafi mai tuta a bango, wanda a cikinsa Amurka ba ta taɓa taka ko kiyashi ba. Wasu na bayan wani ja da wani malamin jami'a ya rubuta, wanda a cikinsa Amurka ba ta taɓa yin abin kirki ba ko da bisa kuskure. Kowane ɓangare ya ja Verlene gefe yana yi mata huɗuba.

Ita kuwa ta zo da wuƙar yanka kankanarta, wato mahaifinta, Dewey Cantrell. Ta ɗauko shi a akori-kura da 'yar tukunyar iskar da yake ja a baya, don ƙurar kwal ta gama da huhunsa. Tsohon ya je yaƙin Vietnam yana ɗan sha tara, ya dawo ya yi shekara talatin da ɗaya a ramin kwal. Lissafin Verlene mai sauƙi ne: ita ba ta san abin da ya faru shekara ɗari biyu da suka wuce ba, amma ga wanda ya ga wasu shekarun da idonsa. In littafi ya yi ƙarya a inda akwai shaida, yaya za a yarda da shi a inda shaidu duk sun mutu?

Dewey ya sa tabarau ya buɗe shuɗin, ya karanta yadda samari suka tafi yaƙi da murna. Ya rufe ya ce shi dai kuka ya yi a mota tun daga nan har barikin soja, kuma wanda ke kusa da shi ya fi shi kuka. Ya buɗe jan, ya karanta babin mahaƙa, ya daɗe yana jan numfashi.

"Wannan ya ɗauke mu abin tausayi," in ji shi. "Bai taɓa ganinmu ranar Asabar da yamma ba, mun yi wanka."

A ƙarshen tebur akwai wani mai ruwan toka da ba wanda ya kula shi, littafi lami kamar miya ba gishiri. Layi biyu kacal ya ba mahaƙa kwal. Dewey ya ce wannan bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi komai ba. Verlene ba rubutun take kallo ba. Ta ɗora yatsunta a farin filin da ke gefen shafi, ta ga yatsu uku sun shige har da saura. Shi ta ɗauka. Matan ɓangarorin biyu suka haɗu a kan ra'ayi ɗaya a karon farko, cewa Verlene ta yi zaɓen tumun dare.

Ga yadda suka yi da shi. Su karanta babi, sannan su nemi wanda ya gani. Abin da ya faɗa Twila ta rubuta da fensir a gefen shafi, da sunansa da ranar da ya faɗa. Inda shaidu suka ƙare sai su koma maƙabarta su karanta duwatsun kaburbura, ko su nemi tsofaffin wasiƙu a ɗakin karatu na gunduma. Maƙwabciyarsu Odessa Tate, wadda ta yi firamare a lokacin da ake ware 'ya'yan baƙaƙe a makarantarsu daban, ta zauna ta cika musu gefen shafi uku, ta ce a dawo gobe ba ta gama ba. Doka ɗaya Verlene ta kafa: a ƙarƙashin kowace shaida a bar fili. Ta yi shekaru tana sauraron direbobi biyu suna ba da labarin hatsari guda, ta san kowane labari yana da wanda ya tsaya a ɗaya gefen titi.

Shekaru kuwa, da ta daina haddace su ta fara rataya su a jikin mutane, sai suka zauna. Shekarar da Baba ya dawo daga yaƙi, shekarar da aka haifi Odessa, shekarar da ruwa ya ci gada. Wata rana ta ji kanta tana jero su tana wanke kwano, ta tsaya ta yi dariya ita kaɗai.

Da suka iso babban yajin aikin mahaƙa, Dewey ya buɗe baki kamar an kunna rediyo. Ya faɗi yadda suka yi wata uku cikin sanyi suna tsaron ƙofar ma'aikata, ana cin wake safe da rana. Twila ta ce, "Kaka, a hankali, fensirina ba jirgi ba ne." Ya ce ta rubuta, malalaciya, a kuma sa sunan mutumin da ya ci amanarsu ya ratsa su ya shiga aiki suna kallo. Sunansa Clyde Pauley, mahaifin Malama Pauley. Twila ta rubuta, ta bar fili a ƙasa kamar kullum.

Royce ya gani ya ce a goge, mai neman sa hannu ba ya zagin uban mai biro. Safiyar ranar da malamar za ta zo, cikin watan Mayu, Verlene ta ɗauki abin goge fensir ta buɗe shafin. Tsoro take ji, tsoro na gaske, irin na 'yar sha shida. Amma ta tuna ta yi shekara guda tana gaya wa yarinyar nan cewa ba a gyara bakin shaida. In ta goge, Twila za ta gani, kuma darasin da za ta riƙe ke nan. Ta mayar da abin gogewar cikin kwano.

Malama Pauley ta iso da rana, ta tsufa amma bayanta a miƙe. Aka sa mata wake da burodin masara, ta ce sai ta gama aiki. Ta duba lissafi da kimiyya da sauri. Da ta zo kan littafin tarihi ta ga ya kumbura da rubutu, ta ɗaga gira, ta fara bin shafi ɗaya bayan ɗaya. Ta yi wa Twila tambayoyi kan yaƙin basasa da yaƙin duniya, yarinya ta amsa ba gargada. Dewey na baranda, ƙofa a buɗe, ana jin hucin tukunyar iskarsa. Sai malamar ta iso shafin. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau.

"Ya shiga," ta ce. "Gaskiya ne, ya shiga. Ƙanena Wendell yana kwance a asibiti, ƙodarsa ta lalace, an ce in Baba bai koma aiki ba za a sallami yaron daga asibitin. Har Baba ya mutu ba wanda ya tambaye shi dalili."

Hucin da ke baranda ya canza. Dewey ya yi gyaran murya, ya ce daga inda yake zaune, shi bai san da zancen yaron ba. Malamar ta ce ai bai tambaya ba.

Twila ta juyo da littafin ta miƙa mata fensir. "Malama, ga wurinki nan."

Malama Pauley ta dubi farin filin da ke ƙarƙashin sunan mahaifinta, ta tambaya wa ya ce a bar shi. Twila ta ce dokar Mama ce, duk littafin haka yake. Tsohuwar ta sunkuya ta rubuta layi huɗu da irin rubutun nan nata da Verlene ba ta manta ba. A ƙarshe ta sa sunanta, ta sa watan da abin ya faru: Fabrairu, saba'in da bakwai.

Verlene na tsaye a bayanta da butar kofi. Ta so ta yi shiru, wallahi ta so, amma bakinta ya riga ta.

"Saba'in da takwas ne, Malama. An fara yajin a Disambar saba'in da bakwai, Fabrairun kuwa ta sabuwar shekara ce."

Malama Pauley ta ɗago ta dube ta. Ta ƙirga da yatsu, ta miƙa hannu cikin kwano ta ɗauko abin gogewar, ta gyara bakwai ta koma takwas. Sannan ta jawo takardar shaida ta sa hannu, ta ce yanzu a zubo mata waken.

Littafin yana nan a kan firij ɗin Verlene, bangonsa ya ɓalle an ɗaure shi da roba. A watan Agusta na gaba mata biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, suka zo aronsa. Ta ce ba ta ba da aro, amma in suna da abin da suka gani da idonsu, su zauna, akwai sauran fili.